Wani ya ga zaki, wani ya dawo da labarin zabi: yadda gandun dajin sabana ke aiki

Mutum biyu za su shiga gandun daji ɗaya, su biya kuɗin ƙofa iri ɗaya, su kwana a masauki ɗaya. Na farko ya fito yana ba da labarin garken giwaye da suka tare masa hanya, da zakanyar da ya gani da jini a baki. Na biyu ya fito yana rantsuwa cewa ban da zabi da gwaggon biri babu komai a dajin, an dai ci kuɗinsa ne. In ka tambayi mutane sai su ce sa'a ce. Gaskiyarsu, sa'a ce, amma galibi sa'ar agogo ce: wane wata ka je, ƙarfe nawa ka fita, kuma ina ruwa ya rage a dajin a ranar.

Kuskuren da yawancin masu zuwa karon farko ke yi shi ne su tafi da gidan zu a zuciyarsu, inda zaki ke kwance a keji da sunansa a rubuce a allo. Gandun daji ƙasa ce guda. Serengeti ta Tanzaniya, wadda aka mai da gandun ƙasa a 1951, ta kai murabba'in kilomita kusan 14,750. Kruger ta Afirka ta Kudu ta kusa 19,500. Ko Yankari, wadda ƙarama ce in aka jera ta da waɗannan, murabba'in kilomita 2,244 ce. A fili irin wannan, dabbar da launin jikinta ya yi daidai da busasshiyar ciyawa tana iya kwanciya taku ashirin daga gefen hanya, motoci goma su wuce ba wanda ya gan ta.

Ruwa ne mai rabon

Sabana ita ce dajin da ciyawa ta shimfiɗu a ƙasa, bishiyoyi kuma suna tsaye jefi-jefi, ba su haɗe kai sun rufe sama ba. Damina da rani suna karɓa-karɓa a cikinta, kuma duk abin da ke numfashi a wurin da wannan karɓa-karɓar yake tsara rayuwarsa.

Da damina ruwa na ko'ina. Kowane kwari ya zama tafki, ciyawa ta yi tsawo, dabbobi su watsu cikin daji tun da babu abin da ke tilasta musu taruwa. A sabanar Afirka ta Yamma lamarin ya fi tsanani, domin gamba da 'yan uwanta kan fi tsayin mutum, ɓauna tana iya ratsawa ta gabanka ba ka ga komai ba sai motsin kan ciyawa. Hanyoyi kuma su zama taɓo. Gandun Zakouma na ƙasar Chadi rufewa yake yi ga baƙi da damina, saboda ruwa na malale babban ɓangarensa.

Da rani ya yi nisa sai labari ya juye. Ƙananan tafkuna su ƙafe ɗaya bayan ɗaya, ganye ya kaɗe, ciyawa ta kwanta. Giwa babba tana shan ruwa lita 100 zuwa 200 a rana, tana cin ganye da ciyawa da ɓawon itace da ya kai kilo 150. Ɓauna kusan kullum sai ta sha. Jakin dawa da gwambaza ma ba sa nisa da ruwa. Duk waɗannan dole su matso inda ruwa ya rage, masu cin nama kuma su biyo su a baya. Shi ya sa a Yankari hankalin kowa ke komawa kwarin kogin Gaji da rani, a Chobe ta Botswana kuma bakin kogin Chobe, a Etosha ta Namibiya kuma mashayar da ke gaban masaukin Okaukuejo, wadda aka haska da fitilu har mutum ya zauna a benci cikin dare yana kallon karkanda na shan ruwa. Raƙumin dawa da wasu barewa su ne masu sauƙin hali, suna samun mafi yawan ruwan da suke bukata daga ganyen da suke ci, don haka ana iya cin karo da su nesa da kogi.

Duk wanda ya taɓa zama awa biyu cur a bakin mashaya da rani ya san cewa a nan ake karanta daji. Kurciyoyi ne ke fara sauka. Sai gadu ya fito da 'ya'yansa a jere, kowa wutsiya a miƙe sama, su sha su yi birgima a taɓo ba ruwansu da kowa. Kanki kuwa sai su tsaya nesa, su yi taku biyar su tsaya, kunnuwa a miƙe, minti ashirin ba su kai baki ruwa ba, wani tsuntsu ya tashi fir su zabura su koma inda suka fito. Raƙumin dawa ya fi kowa shan wahala. Kafin bakinsa ya kai ruwa sai ya ware ƙafafun gaba ya sunkuyar da wannan dogon wuyan, kuma ya san a wannan tsayuwar ce zaki ya fi samun sa, don haka yana iya shafe rabin awa yana waige-waige kafin ya yarda. Giwaye kuma in sun zo ba ka jin zuwansu. Dabbar da ta kai tan biyar tana takawa kamar a kan auduga, kawai ɗaga kai za ka yi ka ga bishiyoyin da ke can gefe sun fara motsi. Tsohuwar uwa ce a gaba, 'yan ƙanana a tsakiya tsakanin ƙafafun manya. Jaririn da bai iya sarrafa dogon hancinsa ba tukuna sai ya durƙusa ya kafa baki a ruwa kai tsaye. Duk wanda ke mashayar kafin zuwansu matsawa yake yi.

To in ruwa ne ke tara dabbobi, me zai hana a haƙa rijiyoyi ko'ina, dabbobi su huta, baƙi su sha kallo? An gwada. A ƙarni na 20 hukumar Kruger ta haƙa rijiyoyin burtsatse da madatsun ruwa ɗaruruwa, har a busassun filayen arewacin gandun inda da can ruwa ba ya daɗewa. Filayen nan su ne matattarar gwanki, dabbar da ke son doguwar ciyawa da wurin da babu cunkoso. Da ruwa ya samu sai jakunan dawa da sauran masu kiwo suka kwararo, suka cinye ciyawar da gwanki ke ɓoye 'ya'yansa a ciki, zakuna kuma suka biyo su. Gwankin da aka ƙirga kusan 450 a 1986 sun koma kusan 45 a 1993. Garin neman gira aka kusa rasa ido. Daga baya hukumar ta shiga rufe rijiyoyin da yawa, ta bar dajin ya koma da wuraren da ke da ƙishirwa, domin ashe ƙishirwar ma kariya ce ga wasu.

Ciyawa, wuta da baki

Mutane kan tambaya me ya sa hotunan Gabashin Afirka ke cike da dabbobi dubbai a fili fetal, alhali a yamma sai an sha wuya ake ganin garke guda. Farauta da matsin jama'a suna da hannu, amma ƙasa ma tana da nata. Kudancin Serengeti shimfiɗe yake a kan tokar duwatsu masu aman wuta. Ƙasar na da sinadarai, a ƙarƙashinta kuma akwai wani tauri da ke hana saiwar bishiya nitsewa, sai aka samu gajeriyar ciyawa mai gina jiki da fili wanda ido ke kaiwa ƙarshensa. Sabanar yamma tana da bishiyoyi da yawa, ciyawarta doguwa ce mai saurin yin kara, ba ta ɗaukar yawan baki irin wancan, wanda ke ciki ma ba ya ganuwa da sauƙi.

A kan waccan gajeriyar ciyawa ce dabbar da masu jin Swahili ke kira nyumbu ke haihuwa, wata mai kama da saniya siririya, mai gemu da geza. Wajen watan Fabrairu, cikin 'yan makonni kaɗan, ake haifar 'yan maruƙa dubu ɗaruruwa, kowanne yana miƙewa tsaye cikin mintuna. Haihuwar lokaci guda dabara ce: kuraye da zakuna ba za su iya cinye su duka ba kafin su yi ƙwari. Ruwan sama na ɗaukewa sai garken ya nausa yamma da arewa, tare da jakunan dawa da barewa, har ya kai kogin Mara da Masai Mara ta Kenya tsakanin Yuli da Oktoba. Tsallake kogin nan mai kadoji shi ne abin da ake nunawa a talabijin, amma babu jadawali. Garke na iya taruwa a gaɓa tun safe, ya yi ta cunkoso har la'asar, sannan ɗaya daga ciki ta juya duk su bi ta su fasa.

Tarihin wannan garken yana da darasi mai ban mamaki. A farkon shekarun 1960 yawansa bai wuce kusan 250,000 ba, domin ciwon bushiya da ke fitowa daga shanu yana kashe 'yan maruƙansa. Da aka yi wa shanun da ke kewaye da gandun rigakafi, ciwon ya ɓace daga namun daji ba tare da an yi wa ko ɗaya allura ba, kuma kafin ƙarshen shekarun 1970 garken ya kai kusan miliyan 1.3. Baki ya yi yawa, ciyawar da ke saura ta bushe ta ragu, gobarar daji ta ragu, ƙananan bishiyoyin da wuta ke cinyewa suka samu suka girma. Allurar da aka yi wa saniya a wajen gandu ta ƙare da ƙara bishiyoyi a cikinsa.

Wuta dai ba baƙuwa ba ce a sabana, kuma masu kula da gandu da kansu suke kunna ta. Baƙo kan shigo ya ga ƙasa baƙi ƙirin da kututture na hayaƙi ya ɗauka masifa ce ta auku. Sau da yawa ƙona-wuri ne aka yi a farkon rani, lokacin da ciyawa ke da sauran danshi, wutar ba ta da zafin kashe bishiya, kuma ta yanke wa babbar gobarar ƙarshen rani hanya. Bayan mako biyu ko uku toho ya fito kore shar a kan baƙar ƙasa, kanki da maraya su taru a kansa. Direban da ya san aikinsa yana riƙe da lissafin inda aka ƙona da ranar da aka ƙona. Giwa ma nata aikin ke nan, tana karya bishiya tana buɗe fili, kuma yawanta a gandu mai shinge ya daɗe yana jawo gardama. Kruger ta yi ta rage giwayenta da bindiga daga 1967 har 1994 kafin ta daina.

Agogon dabbobi da na baƙo

Kusan duk abin da ake shirya wa baƙo a gandu an gina shi ne a kan lokacin da dabbobi ke motsi. Fita kallo a mota sau biyu ake yi, da asuba zuwa hantsi, sai kuma la'asar zuwa faɗuwar rana. Tsakanin nan zafi ne, kowa na inuwa. Zaki yana iya kwana da wuni a kwance har awa 20 cikin 24, farautarsa galibi da dare ce ko da sanyin safiya. Wanda ya tsaya sai ya yi wanka ya karya kumallo a natse ya fita ƙarfe goma, shi ne mai labarin zabi.

Jagora nagari ba da ido kaɗai yake nema ba. Yana duba sawu a kan ƙurar hanya, ya ga ko ya hau kan sawun tayar jiya ko tayar ce ta hau kansa, a nan zai san ko na daren jiya ne. Yana taɓa kashin giwa ya ji ko da ɗumi. Yana kashe injin ya saurara, domin in gwaggon biri ya hau bishiya yana haushi yana kallon wuri guda, ko zabi suka ɓarke da kuka ba su tashi ba, ruwa ba ya tsami banza, damisa ko zaki na kusa. Ungulaye na sauka a bishiya ɗaya alama ce ta mushe. Carki ya tashi da ƙara daga cikin duhuwa, to akwai ɓauna ko karkanda a ciki. Akwai kuma hanyar da ba ta bukatar ilimi, wato rediyon da direbobi ke sanar da juna, kuma za mu dawo kan ɓarnarta.

Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne yadda zakanya za ta wuce dab da buɗaɗɗiyar mota, ta shafi taya, ba ta ko ɗaga ido. Sabo ne. Dabbobin da suka tashi suna ganin mota sun ɗauke ta wani ƙaton abu guda mai wari, wanda ba ya ciwuwa kuma ba ya cutarwa. Da zarar mutum ya miƙe tsaye, ko ya zuro jiki waje, ko ya sauko, siffar ta rabu, ya koma halittar nan mai ƙafa biyu da suka sani tun kaka da kakanni. Dokar zama cikin mota daga nan ta samo asali, kuma yawancin mummunan labarin da ake ji daga gandu yana farawa ne da wanda ya ce bari ya ɗan sauka ya ɗauki hoto. A Kruger, inda ake barin mutum ya tuƙa motarsa da kansa, gudu ba ya wuce kilomita 50 a awa a kan kwalta, 40 a kan tsakuwa, kuma ana rufe ƙofofin masauki da faɗuwar rana. A gudun da ya fi haka ma ba abin da za ka gani.

Sai batun manyan biyar, wato zaki, damisa, giwa, ɓauna da karkanda. Sunan ba daga girma ya fito ba, da haka ne da dorina da raƙumin dawa sun shiga. Turawan farauta ne suka ware su a matsayin waɗanda suka fi haɗari in an bi su a ƙafa da bindiga, 'yan kasuwar yawon buɗe ido suka gaji kalmar. A ganina ta yi wa baƙi illa fiye da amfani. Za ka ga mutum da takarda yana soke suna, direba na gudu da shi daga wannan zuwa wancan, ya wuce burtu biyu suna takawa cikin ƙasaita a gefen hanya, ya wuce garken kyarkeci, wanda samun ganinsa ya fi na zaki wuya nesa ba kusa ba, don kawai ba ya cikin biyar ɗin. Kruger na da nau'in tsuntsaye sama da 500, Yankari sama da 350, kuma masu zuwa don tsuntsu su ne ban taɓa jin sun koma gida da ƙorafi ba.

Yawo a ƙafa wani abu ne daban. A kwarin Luangwa na Zambiya ya yi suna, inda wani Bature mai kula da daji, Norman Carr, ya fara kai baƙi daji a ƙasa da kyamara maimakon bindiga. Ana tafiya a layi ɗaya, mai gadi da bindiga a gaba, ba surutu, ana lura da inda iska ke kaɗawa don kada ta kai warin mutum gaba. Ba za ka kusanci manyan dabbobi kamar a mota ba, kuma ba a so ma ka kusance su. Abin da za ka samu shi ne ƙananan abubuwa: ramin da dabgi ya haƙa a gindin suri wanda gadu ya gada ya mai da ɗaki, ƙwaron da ke mirgina dunƙulen kashi da ƙafafun baya, kashin kura fari fat saboda ƙashin da take taunewa. Kuma giwar da ka gani daga taku ɗari kana tsaye da ƙafarka ta fi wadda ka gani daga taku biyar a mota girma.

Fitar dare, inda doka ta yarda, da fitila mai ƙarfi ake yi, ana neman ƙyallin ido. A nan ake samun damisa, beguwa, tunku da dila, kuma jagora mai mutunci ba ya haska fitila a fuskar barewa ya makantar da ita alhali mai farauta na kusa. A gandun da ke da babban kogi akwai jirgin ruwa, wanda ke kai ka kusa da giwaye masu iyo da kadoji masu shan hantsi. Dorina ce abin tsoro a nan, ga ta kamar gungume amma ta fi mutum gudu a tudu, kuma ba a shiga tsakaninta da ruwa. Akwai balan-balan mai ɗaukar mutane da asuba a Serengeti da Mara, ga mai kuɗi. A Yankari kuma akwai maɓuɓɓugar Wikki, mai ruwa garau da ɗuminsa ke tsaye a digiri 31 dare da rana, inda da yawa ke ƙarewa ko sun ga giwa ko ba su gani ba.

Baƙo ma yana cikin lissafin

Mai zuwa kallo yana ɗauka shi ɗan kallo ne kawai, amma motarsa da abincinsa da kuɗinsa duk suna taɓa dajin. Ɗauki rabbi, dabbar nan siririya mai kama da damisa, mai gudun da ya kusa kilomita 100 a awa. Da rana yake farauta don ya kauce wa zaki da kura, wato daidai lokacin da motoci ke yawo. In rediyo ta sanar an gan shi, motoci ashirin su kewaye shi, barewar da yake lallaɓawa ta gudu, kura kuma ta koyi cewa inda motoci suka taru akwai nama. Binciken da aka yi a Masai Mara ya nuna uwayen rabbi a wuraren da baƙi suka yi yawa ba sa raya 'ya'ya kamar na wuraren da ke da sauƙin motoci. A mashigar kogin Mara ma an sha ganin motoci sun tare gaɓar da garke zai fito. Direban yana yin haka ne don ya san tukuicinsa na hannun wanda ke bayansa yana cewa matsa kusa.

Gwaggon biri kuwa mu muka lalata shi. Na taɓa ganin wani ƙato a wani masauki ya jira mace ta buɗe bayan mota, ya taho a guje ba ko shakka, ya fizge jakar burodi, ya hau rufin ɗaki ya zauna yana warware ledar da yatsu yana kallon mu. Kowa ya yi dariya, har da masu ɗaukar bidiyo. Wani ma'aikaci da ke gefe bai yi ba. Ya ce wanda ya saba karɓa daga hannu gobe ƙwace zai yi, jibi ya ciji yaro, ranar da ya ciji yaro kuma su za a tura da bindiga.

Duk da haka, gandun da babu baƙi ya fi shiga haɗari. Kuɗin ƙofa da na masauki su ke biyan masu gadi, man sintiri da gyaran hanya a wurare da yawa, kuma shi ya sa ƙasashe da dama ke cajin baƙon waje ninkin abin da ɗan ƙasa ke biya. Da annobar korona ta tsayar da tafiye-tafiye a 2020, an ga yadda wannan igiyar take da siriri. Abokan gabar kuma ba wasa suke ba. A 2014 kaɗai an kashe karkanda 1,215 a Afirka ta Kudu saboda ƙahonsu, mafi yawa a Kruger. Ga masu ɗana tarkon waya don nama, wanda ba ya zaɓen wuya, ga masu zuba guba a mushe don ramuwar saniyar da zaki ya kashe, guba ta ƙare a cikin ungulaye.

A nan ne maganar ke da nauyi, domin yawancin gandayen nan da mutane a cikinsu kafin a ja layi. An fitar da makiyayan ƙabilar Masai daga Serengeti a 1959. An kwashe al'ummar Makuleke daga arewacin Kruger a 1969, sai a 1998 aka mayar musu da mallakar ƙasarsu, suka zaɓi a bar ta a matsayin daji suna karɓar rabonsu daga masaukan da ke ciki. Manomin da giwa ta cinye masa gonar shekara a dare ɗaya, ko makiyayin da ke kallon ciyawa kore a bayan layi shanunsa na rama, ba za ka burge shi da hoton faɗuwar rana ba. Inda abin ya ɗan yi kyau shi ne inda maƙwabcin gandu ke ganin wani abu a hannunsa. A kewayen Masai Mara masu filaye na ba da hayar ƙasarsu ana biyan su duk wata, ana kuma ƙayyade yawan gadaje da motoci. A Kenya an gano giwa na tsoron zuma, sai aka riƙa kewaye gona da amya a rataye a waya, giwa ta taɓa wayar ƙudan zuma su tashi, manomi ya tsira da hatsinsa ya kuma sami zumar sayarwa. Ba ko'ina dabarar ke ci ba, amma ta fi harbi a iska.

Yammacin Afirka ne ya fi ban tausayi. Ƙidayar da aka wallafa a 2014 ta nuna zakunan yankin ba su wuce kusan 400 ba, kuma kusan kashi 90 cikin 100 suna wuri guda, a haɗakar gandayen W, Arly da Pendjari da ke kan iyakokin Nijar, Burkina Faso da Benin. Sunan W ya fito ne daga lanƙwasar da kogin Kwara ya yi a wurin, mai kama da harafin. Yau 'yan bindiga sun shiga dajin. A Mayun 2019 aka sace Faransawa biyu masu yawon buɗe ido a Pendjari aka kashe jagoransu, kuma tun daga nan masu gadi da sojoji da yawa sun rasa rayukansu a yankin. Baƙi sun ɗauke ƙafa, kuɗinsu ya bi su.

Zakouma ta bi ta irin wannan hanyar ta fito. A 2002 tana da giwaye kusan 4,000. Mahaya dawakai masu neman haure suka yi ta afka musu, zuwa 2010 saura kusan 450, waɗanda tsoro ya sa suka dunƙule wuri guda suna gudu kullum, haihuwa ma ta kusa tsayawa. A shekarar ne gwamnatin Chadi ta miƙa gudanar da gandun ga African Parks, ƙungiya mai zaman kanta da ke kula da gandayen daji. Aka sa wa wasu giwaye na'urar bibiya a wuya, aka raba rediyo a ƙauyukan kewaye don su sanar in sun ga baƙin mahaya, aka ci gaba da sintiri har da damina, lokacin da da can ake barin dajin ba kowa. Ba a samu a banza ba, domin a 2012 an kai wa wasu masu gadi hari suna sallar asuba aka kashe su. Amma kisan giwaye ya kusa tsayawa, cikin 'yan shekaru aka fara ganin jarirai a garken, yawansu ya sake haura 500. Wasu manyan toraye ma sun saba zuwa hedikwatar gandun da rana tsaka, su tsaya a bakin gida su miƙo hanci, mutum ya riƙe tiyo yana zuba musu ruwa a ciki.